Katin Da Makaho Ya Gyara

Babu wanda bai san kati ba a zamanin nan. Wanda ya je asibiti an ba shi kati, wanda ya yi rajistar zaɓe yana da nasa, wanda kuma za a yi biki a gidansa ya kan je wurin masu ɗab'i a buga masa na gayyata. Abin da ya sa kati ya zama kati shi ne ƙanƙanta da tsari. Takarda ce 'yar mitsitsiya, amma kowane abu da gurbinsa: suna a sama, bayani a tsaka, lamba ko hatimi a ƙasa. Mutum ya kan dube shi sau ɗaya ya san abin da ke ciki, ba sai ya gyara zama ba.

To, masu gina shafukan intanet su ma sun ari wannan suna. In mai karatu ya buɗe wayarsa ya shiga shafin wani kanti ko na wata jarida, zai ga 'yan akwatuna a jere, kowane da hoto, da kanu, da layi biyu ko uku na bayani, da wurin da za a taɓa in ana son ƙarin labari. Kowane ɗaya daga cikin akwatunan nan shi a ke kira kati. Shi ne kuwa aikin da a kan fara ba ɗan koyo, kamar yadda a kan fara ba yaron tela kalmasa. Ga shi da sauƙi a ido, amma a nan a ke gane hannun da zai iya da wanda zai daɗe bai iya ba.

A Kakau, kudu da kogin Kaduna, bakin babbar hanyar da ta nufi Abuja, cikin ƙasar Chikun, akwai wata mata mai sana'ar gyaɗa. Mijinta yana cikin dubban ma'aikatan da suka rasa abin yi sa'ad da masaƙun Kakuri suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya tun daga 2002, bayan 'yan shekaru kuma Allah ya yi masa rasuwa. Tun daga ran nan gidan ya koma kan kaskonta. Tana matsar mai, tana suyar ƙuli-ƙuli, tana yin gyaɗa mai gishiri, tana dakan yaji, kana tana sarin daddawa da zuma daga ƙauyukan Gbagyi na kewaye. Kaya shida ke nan.

Cinikinta da matafiya ne, musamman ma'aikatan da ke tafiya Abuja ran Litinin su komo ran Jumma'a. Da jirgin ƙasa na Abuja ya fara tashi daga Rigasa a 2016, ga kuma tsoron hanya da ya sa direbobi suka daina tsayawa barkatai, sai masu sauka su yi tsaraba suka ragu ƙwarai. Autarta ce ta kawo shawara. Yarinya ce da ta gama sakandare, tana zuwa ajin koyon kwamfuta a cikin gari, ƙetaren gada, sau 3 a mako. Ta ce da uwar, "Inna, mutanen nan fa ba cin ƙuli-ƙuli suka daina ba, tsayawa suka daina. Bari in jera miki kayanki a intanet, kowane da katinsa. Wanda ya gani ya aiko da saƙo, mu ba direba ya kai masa." Uwar ba ta gane maganar duka ba, amma ta gane wurin da aka ce a ba direba. Ta ce Allah ya sa albarka.

Kafin a ci gaba ya kamata mai karatu ya san da me a ke gina irin wannan shafi, gama wanda bai san tubali ba ba zai gane inda gini ya karkace ba. Abu biyu ne. Na farko sunansa HTML. Wani mutumin Ingila ne, Tim Berners-Lee, ya ƙago shi sa'ad da ya ke aiki a wata cibiyar binciken kimiyya da a ke kira CERN, kusa da birnin Janiba. Ya kawo shawarar a 1989, shafin farko kuma ya fito ga jama'a a 1991. Aikin HTML shi ne faɗin ko mene ne kowane abu. Mai rubutu ya kan sa 'yar alama a gaban magana da bayanta, alamar ta ce wannan kanu ne, wannan sakin layi ne, wannan hoto ne, wannan kuma ƙofa ce zuwa wani shafi. Alamun nan ba su fita a fuskar waya, na'ura ce kaɗai ke ganinsu. Da farko 18 ne kacal, yanzu sun haura 100.

Na biyu sunansa CSS, wanda wani mutumin Norwe, Hakon Wium Lie, ya kawo a 1994, aka tsayar da ƙa'idarsa ta farko a 1996. Shi aikinsa ado ne: launi, da girman baƙi, da tazara, da inuwa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan rabon aiki. Rubutu dabam, zayyana dabam. Ba a yi wa allo zayyana sai almajiri ya kai sauka, mai zayyana kuma, kome gwanintarsa, ba shi da ikon ya ƙara wasali ko ya rage.

Yarinyar kuwa zayyana ce ta ɗauke mata hankali. Ba abin zargi ba ne, domin ado shi ne abin da ido ke fara gani a biya mutum da yabo nan take. Cikin alamun HTML akwai wata da a ke rubutawa div. Ita wannan ba ta da ma'ana ko kaɗan. Buhu ce kawai, abin da aka zuba mata shi ta ke ɗauka, shi ya sa 'yan koyo ke ƙaunarta, ba ta yi musu gardama. Da ita yarinyar ta gina kome da kome. Sunan kaya div ne, sai ta ƙara masa girma da kauri ya yi kama da kanu. Bayani div ne. Wurin taɓawa ma div ne, ta shafa masa kore ya yi kama da maɓalli. A kati ɗaya an ƙirga div 9, wata cikin wata, kamar ƙoren da aka haɗa za a kai kasuwa.

Sa'an nan ta koyi wata dabara da ta fi kome burge ta. Mai aiki da kwamfuta yana da wani ɗan abu a ƙarƙashin tafinsa da ya ke turawa bisa tebur, waɗansu na kiransa ɓera, waɗansu linzami. In ya tura shi sai wata 'yar kibiya ta yi yawo a fuskar kwamfuta. To, CSS yana iya sanin lokacin da kibiyar nan ta zo ta tsaya bisa wani abu ba a danna ba tukuna, kamar shirwa tana shawagi bisa 'yan tsaki. An shigar da wannan cikin ƙa'idar CSS a 1998, ana kuma iya kiransa adon shawagi. Yarinyar ta shirya yadda in kibiya ta hau kati sai katin ya kumbura, ya karkata kaɗan, hoton ya dushe, kuɗin kaya ya ɓullo daga ƙasa da jan rubutu. Kibiya na sauka sai kuɗin ya koma ya ɓuya. 'Yan ajinsu suka taru a bayanta suna ta cewa ta sake su gani.

Aka aika wa tsofaffin abokan ciniki adireshin shafin ta WhatsApp. Mako 2 suka wuce. Saƙon da ya zo kaɗan ne, kusan duka kuwa tambaya ɗaya ce: nawa ne? Wata ma ta rubuto ta ce in ba a son faɗin kuɗi ai sai a bar mutane su huta. Ga shi uwar ta riga ta karɓi gyaɗa buhu 2 bashi bisa ƙarfin wannan shafi, ta matse mai ta cika galan-galan, ta soye ƙuli-ƙuli, shi kuwa ba ya jiran kowa, in ya kwana da yawa ƙanshinsa ya kan tafi. Ba ta ce wa 'yar kome ba. Magana kawai ta rage, wannan kuwa ya fi faɗa ciwo.

A gidan akwai yayan uwar, wani dattijo, tsohon akawu. Ya yi shekara 30 da ɗoriya a ofishin rajista yana karɓar takardu, yana ba su lamba, yana sa kowace a fayil ɗinta. Bayan ya bar aiki ciwon ido ya kama shi, aka yi ta kai shi Asibitin Ido na Ƙasa da ke Kaduna, likitoci suka yi iyakar ƙoƙarinsu, amma abin ya riga ya yi nisa. Mutane da yawa suna tsammani makaho ba abin da zai yi da wayar zamani sai a kira shi ya amsa. Ba haka ba ne. A cikin wayoyin Android akwai manhaja mai suna TalkBack, a na Apple akwai VoiceOver, ga masu kwamfuta kuma akwai NVDA, wadda waɗansu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka gina tun daga 2006 suka ba duniya kyauta. Mutum ya kan shafa yatsa bisa gilashi, murya ta faɗa masa abin da yatsan ya hau. Da haka dattijon nan ke jin labarai, da haka ya ke aika saƙo, ya kuma ƙara wa muryar sauri har mai ido ba ya iya binta.

Ran nan bayan la'asar ya ce, "'Yar nan, kawo mini kantin nan naki in shiga in gani." Haka ya ke faɗi kullum, in gani, ba kuwa wanda ya taɓa gyara masa. Ta tura masa. Ya kara wayar kusa da kunne, ya shafa. Muryar ta ce hoto, ta bi da wani jerin lambobi, watau sunan da kyamara ta ba hoton. Ya sake shafawa, ta karanta wata magana. Ya sake, sai hoto da lambobi. Ya umurci muryar ta yi tsalle daga kanu zuwa kanu, yadda ya saba yi a shafin jarida don ya san abin da ke ciki kafin ya zauna sauraro. Muryar ta ce babu kanu ko ɗaya. Ya nemi wurin aika saƙo, ta karanta kalmomin da ke kai kamar sauran magana, ba ta nuna masa cewa abin taɓawa ba ne.

Ya ajiye wayar a cinya, ya ce, "Kaya nawa kika ce kuna sayarwa?"

Ta ce, "Shida, Kawu."

Ya ce, "Ni abu ɗaya na ji, dogo, ba kai ba gindi. Ina ƙuli-ƙuli ya ƙare, ina daddawa ta fara?"

Ta ce ai kowane da akwatinsa da launinsa, sunayen ma manya ne, baƙi wuluk. Dattijo ya yi dariya. Ya ce, "A ofis mun yi wani yaro mai kyan hannu, in ya rubuta wasiƙa kamar a rataye ta a bango. Amma ba ya sa lambar fayil, ba ya sa kanu, kwanan wata kuwa duk inda alƙalami ya faɗi. Ran da aka nemi takarda sai an kwashe kabad duka. Babban rubutu ba shi ne kanu ba, 'yar nan. Kanu shi ne abin da aka shigar a rajista cewa kanu ne."

Dattijon bai taɓa jin sunan HTML ba, amma abin da ya faɗa shi ne ainihin karatun. Ido ya kan yi wa mai rubutu alfarma. In ya ga baƙi manya a sama sai ya ɗauka kanu ne, in ya ga kore mai kusurwa huɗu sai ya ɗauka maɓalli ne, ba ya tambayar takardar shaida. Na'ura ba ta yin wannan alfarma. Abin da aka gaya mata shi ta sani, in an ce mata buhu, buhu za ta ce. Kada kuma a ɗauka don makafi kaɗai a ke wannan wahala. Na'urar da Google ke aikawa ta bi shafuka tana tattara abin da ke cikinsu, don in mutum ya nemi zuma a nuna masa inda ta ke, ita ma alamun nan ta ke bi ta gane abin da shafi ya ƙunsa. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda ta ce a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke da mai sanda za su iya shiga. Shafi ma gini ne, sai dai matakalarsa ba ta ganuwa, don haka mai ginin ya kan daɗe bai san ya hana wani shiga ba.

Washegari ta kai wa malaminta maganar. Ya ce ai ya faɗa musu tun makon farko, amma ba wanda ya saurara, domin abu ne da in an yi shi ba a ga canji a fuskar kwamfuta. Ya ce ta cire zayyanar duka, watau ta raba shafin da CSS, a ga abin da zai rage. Ta cire. Sai ga magana ta zube layi bisa layi, duk girma ɗaya, ba a san suna ba, ba a san bayani ba. Malamin ya ce, "To, abin da Kawunki ya ji ke nan."

Daga nan ta sake gini tun daga tushe. Kowane kati ta sa shi cikin alamar da a ke rubutawa article, ɗaya daga cikin sababbin alamun da aka tabbatar a ƙa'idar HTML5 ta 2014. Ma'anarta ita ce abin da ke ciki guda ne cikakke, ana iya ɗauke shi a kai wani wuri bai rasa kansa ba. Kanu kuwa hawa shida ne a HTML, daga h1 zuwa h6, kuma tsarinsu irin na sarauta ne: sarki, sai hakimi, sai dagaci, sai mai unguwa. Sunan kantin shi ne h1, shi kaɗai, gama ba a sarki biyu a gari ɗaya. Sunan kowane kaya h2 ne. Da ta ga h2 ya fito da girma fiye da yadda ta ke so, ta yi niyyar ta mai da shi h4, malamin ya hana. Ya ce ba a sauke hakimi zuwa mai unguwa don rawani ya yi masa yawa, rawanin a ke ragewa, wannan kuwa aikin CSS ne. Bayani da kuɗi suka shiga alamar sakin layi. Wurin taɓawa ya koma ƙofa ta gaskiya, mai kai mutum wurin aika saƙo. Dā kalma ɗaya ce a katunan duka, "Taɓa nan", har in dattijon ya sa muryar ta jera masa ƙofofin shafi sai ya ji taɓa nan sau shida, kamar ana yi masa ba'a. Ta mai da su "Yi odar zuma", "Yi odar yaji", haka har ƙarshe. Cikin div 9 ɗin nan, 1 ce ta rage.

Wurin hoto ne aka daɗe. HTML ya tanadi gurbi a jikin kowane hoto inda a ke rubuta abin da hoton ya ƙunsa, don muryar ta karanta wa wanda ba ya gani. Da fari ta rubuta, "Hoton ƙuli-ƙuli." Kawun ya ce ai muryar ta riga ta ce hoto, kanu kuma ya riga ya ce ƙuli-ƙuli, me aka ƙara masa? Ta sake, ta rubuta, "Ƙuli-ƙuli mai daɗi wanda babu irinsa a duk Kaduna." Ya ce, "Wannan kirari ne. Ni abin da ki ke gani na ke so, ba abin da ki ke so in ji ba. Mulmulalle ne ko na zobe? A leda ya ke ko a faranti?" Ta dubi hoton kamar ba ita ta ɗauka ba, ta daɗe, kana ta rubuta, "Ƙuli-ƙuli na zobe a farin faranti, an barbaɗa masa yaji." Ya ce yanzu ya gani. Amfanin rubutun nan bai tsaya ga makaho ba. Wanda ke cikin mota a wurin da sabis ya yi rauni, hoto ya ƙi sauka, rubutun nan shi zai fito masa a gurbin hoton.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce ta tsai da ciniki. Da dattijon ya ji yadda aka shirya abin, ya ce, "Wace kibiya?" Nan yarinyar ta yi shiru. Ta gina shafinta a kwamfutar aji, ta gwada shi a kwamfutar aji, 'yan aji suka yaba a kwamfutar aji. Abokan cinikin uwarta kuwa babu mai kwamfuta a gabansa sa'ad da saƙon ya iske shi. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kana wayoyin shafawa suka bazu bayan fitowar iPhone a 2007, yawancin mutanen ƙasar nan ta waya su ke shiga intanet. Waya kuwa ba ta da kibiya. Yatsa ko ya taɓa ko bai taɓa ba, babu shawagi a tsakani. Wata wayar ta kan ɗauki taɓawar farko a matsayin shawagi, wata ta kan wuce kai tsaye, wata kuma in katin ya kumbura sai ya tsaya a kumbure har a taɓa wani wuri. Mai saye kuwa bai san ma akwai abin da aka ɓoye ba, balle ya nema. Kamar mai tebur ne a kasuwa ya lulluɓe kayansa da zane, ya ce ba zai buɗe ba sai ga wanda ya zo da wata irin sanda, sandar kuwa mutum ɗaya cikin goma ke da ita.

Ta fito da kuɗin fili, a ƙarƙashin suna, inda ba ya motsi. Cikin fushi ta so ta share adon shawagin gaba ɗaya, waɗansu gwanaye ma haka za su ce a yi. Amma wannan wuce gona da iri ne. Adon yana da aikinsa, in an san aikin. Mai kanti na ƙwarai in ya ga mutum ya matso ya kan ɗaga kai ya ce sannu da zuwa. Ba ya tashi ya yi rawa, ba ya kuma ɓoye kaya sai an matso. Ɗaga kan nan shi ne iyakar abin da a ke bukata ga kati: ya nuna cewa ya san an zo, kuma ana iya danna shi. Don haka ta rage. Yanzu in kibiya ta hau, katin ya kan ɗan taso kamar kaurin farce, inuwarsa ta ƙara duhu kaɗan, duk cikin kashi 1 bisa 5 na daƙiƙa, ba kumburi, ba karkata. CSS yana da hanyar tambayar na'ura ko tana da kibiya, sai ta sa adon ya yi aiki ga mai ita kaɗai, waya kuma a bar ta ta huta.

Malamin ya ƙara tuna mata waɗansu mutane da ba su riƙe ɓera, ko don rawar hannu ko don shanyewar jiki, sai dai su yi ta danna maɓalli guda a kibod suna tsallakawa daga ƙofa zuwa ƙofa. Burauza ta kan zana ɗan zobe a kewayen ƙofar da suka iso don su san inda su ke. Ita kuwa tun da fari ta share zoben, wai yana ɓata mata ado. Ta mai da shi, ta ƙara masa kauri.

Gyaran launi uwar ce ta yi shi, ba da saninta ba. An miƙa mata waya tana tsakar gida bakin kasko, rana tsaka, ta juya ta juya, ta ce ita ba ta ga kome ba sai hoto. Rubutun bayani ruwan ɗorawa ne bisa fari. Ƙa'idar da hukumar W3C ta fitar a 2008 ta ce bambancin haske tsakanin ƙananan baƙaƙe da abin da ke bayansu kada ya gaza 4.5 bisa 1. Aka mai da rubutun baƙi.

Abu na ƙarshe da ya ta da gardama shi ne baƙaƙe masu lanƙwasa. Yarinyar ta zaɓi wani salon rubutu mai kwalliya wanda masu shi ba su zana masa ƙ da ɗ da ɓ ba. A waɗansu wayoyi sai baƙin ya fito da wani salo dabam, ya tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙo a gidan biki, a wata tsohuwar waya ma ɗan akwati ne ya fito a gurbinsa. 'Yan aji suka ce ta rubuta k da d kawai, ai kowa zai gane, haka a ke yi a saƙon waya. Dattijon ya ƙi. Ya ce a zamaninsu keken rubutu ba shi da baƙaƙen nan, amma in an gama buga takardar Hausa sai akawu ya ɗauki alƙalami ya bi yana sa lanƙwasa ɗaya ɗaya, domin kura dabam ƙura dabam, bari dabam ɓari dabam. Gaskiyarsa kuwa. Da baƙaƙen nan aka buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fita daga Zariya a 1939, kuma suna cikin Unicode, babban kundin baƙaƙen duniya da aka fara fitarwa a 1991, kowane da lambarsa. Laifin ba na na'ura ba ne, na salon da aka zaɓa ne. Ta canja salo, ta rubuta a saman shafi cewa tsarin baƙaƙensa UTF-8 ne, ta kuma sa baƙaƙe biyu, ha, masu shaida wa na'ura cewa harshen shafin Hausa ne. Duk da haka muryar da ke cikin wayar dattijon ta Turanci ce, har yanzu in ta zo kan ƙuli-ƙuli ta kan faɗe shi yadda yaran gidan ke faɗuwa da dariya.

Aka sake aika adireshin. Ba a ce kasuwa ta buɗe kamar dā ba, gama hanya tana nan yadda ta ke, kuma ba kowane direba ne ke yarda ya tsaya karɓar saƙo ba. Amma tambayar nawa ne ta ɗauke, aka koma tambayar yaushe za a kawo. Man ya tafi duka, ƙuli-ƙulin farko kuwa rabinsa sai da aka daka shi aka zuba a yaji. An biya mai gyaɗa buhu 1, ya yi haƙuri da ɗayan zuwa wata mai zuwa.

Dattijon ya mai da shiga kantin aikinsa na kowace Jumma'a in ya komo daga masallaci. Ya kan bi kanu shida ɗaya bayan ɗaya, ya ji kuɗin kowane, ya tambayi ƙanwarsa ko haka ne. A Jumma'a ta uku ya tarar katin zuma yana nan yana kira a yi oda, alhali tun Talata ya ji ana cewa zuma ta ƙare. Yarinyar ta ce bari ta share katin. Ya ce a'a, wanda ya saba ganin zuma in ya zo bai gan ta ba zai ɗauka an daina, ya tafi wani wuri. Suka yi ta ja har aka kira magariba. Da aka idar da salla ta cire ƙofar odar, ta bar suna da hoto, ta ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin kanu: "Ta ƙare, sai an kawo sabuwa daga ƙauye." Ta miƙa masa wayar ya saurara, ya ce ta sa kwanan wata.